Ƙananan Kalmomin Enid

A makarantarmu ta Malumfashi
an ce mini look duba ne,
na rufe littafi, ina ganin na gama da ita.
Sai da na zo Hull, gidan tsofaffi na bayan tashar jirgi,
na tarar ashe kalmar tana da 'ya'ya,
kuma babu wanda ya ɗauko halin uwar.

Enid Pickering, ɗaki na sha huɗu,
shekara tamanin da tara,
ƙafa ta gaza, baki bai gaza ba.
Rabin rayuwarta tana yankan tikiti a bas,
shi ya sa ba ta barin kuskure ya wuce bai biya ba.
Ta ce, "Hansatu, zauna.
Look for, shi ne abin da kike yi wa haƙorana kullum safe.
Look after, shi ne abin da ake biyan ki ki yi mini.
Look out kuwa, in kin ji shi, fara kaucewa,
kya yi tambaya daga baya."

Na ce wannan wane irin kare ne,
kai na lafiya, wutsiya ke cizo?
Mu a gida bakin kalma muke lanƙwasawa:
saya, sayo, sayar,
fita, fito, fitar.
Wasali guda ya isa ya juyo da mutum daga bakin ƙofa.
Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.
"To ai abu ɗaya ne.
Ku kun ɗinke naku a jikin riga,
mu muna yawo da namu a aljihu."

Wani lokaci suna kan kutsa tsakani.
Put the kettle on:
ga aiki can, ga 'yar kalmar nan,
buta ta yi zamanta a tsakiya
kamar yaron da ya raba iyayensa a kan tabarma.
Na daɗe ina jiran ƙarshen kowace magana,
don sai an kai can ake sanin
kunnawa ake so ko kashewa.

Ranar wata Talata ina ninke zannuwa
nas ta leƙo, ta ce Enid passed out.
Na saki kayan, na hau salati,
na bi dogon baranda da takalmi wari guda.
Na same ta a zaune, da shayi a hannu,
suma ce ta yi, ta farfaɗo.
Ta dubi fuskata, ta dubi ƙafata:
"Out na yi, yarinya, ba away ba.
Mai out yana dawowa.
Share hawayenki, ki miƙo mini biskit."

Hunturu biyu muka yi haka.
Ta koya mini put up with,
kalma uku suna ɗauke da abin da mu muke kira haƙuri.
Na koya mata sannu,
ta riƙa faɗa wa likita, da mai shara, da tantabarar taga.

Daren jiya na shigo aiki da ruwan sama a kafaɗa.
Nas ɗin nan dai ta tare ni, ta ce, "Enid passed,"
sai ta tsaya haɗiye yawu.
A wannan ɗan tsakanin
na roƙi Allah 'yar kalma mai harafi uku.
Mai huɗu ce ta zo.

'Yarta ta riƙe hannuna, ta gode mini da look after.
Ban gaya mata ba
cewa da asuba na shiga ɗaki na sha huɗu,
na ɗaga matashi, na leƙa ƙarƙashin gado,
ina ta look for,
kofin haƙoran kuwa yana kan teburi, a gabana.